Muhawara: Da ba don Steve Biko ba, da Mandela ya fito daga kurkuku?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau 12 ga Satumba, ranar da Steve Biko ya cika a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu a 1977, yana ɗan shekara 30. Ina da wata magana da na san za ta tayar da ƙura, amma sai na faɗe ta. Mu nan da an ambaci yaƙi da wariyar launin fata, sunan Mandela kaɗai ke zuwa bakinmu. Ni kuwa a ganina, da ba don Biko ba, da a kurkuku Mandela zai mutu.

Ku duba yadda ƙasar take kafin Biko ya bayyana. A 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, gwamnati ta haramta ANC da PAC, manyan ƙungiyoyin gwagwarmayar baƙar fata. A 1964 aka yanke wa Mandela da Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada ɗaurin rai da rai. Robert Sobukwe, shugaban PAC, yana tsare a tsibirin Robben, Oliver Tambo na ANC yana gudun hijira. Gari ya yi tsit, kowa ya kama bakinsa. A cikin wannan shirun ne wani ɗalibin likitanci a Durban, wato Biko, ya tashi ya ce wa baƙar fata, babban makamin da azzalumi ke riƙe da shi shi ne tunanin wanda ake zalunta. Shekara bakwai bayan kafa ƙungiyarsa, yaran makarantar unguwar Soweto suka fito titi zanga-zanga a 1976. Wanda yake da ja, bisimilla.

Kwamared Isa: Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, kuma babba. Ƙanena, tarihi ba ya tafiya a kan kafaɗar mutum ɗaya. Ina ka bar yajin aikin ma'aikatan Durban na farkon 1973, da dubban leburori suka ajiye aiki ba tare da wani ya ba su umarni daga jami'a ba? Ina ka bar faɗuwar mulkin Fotugal, da Mozambik da Angola suka samu 'yanci a 1975? Wannan ne ya nuna wa matasan Soweto cewa Bature ma yana shan kaye. Biko mai magana ne, na yarda. Amma magana ba ta taɓa karya gwamnatin da ke da tankokin yaƙi ba.

Maman Walid: Don Allah kafin ku yi nisa, a ɗan yi mana bayanin mutumin. Wasunmu sunansa kawai muke ji.

Malama Bilki (Zazzau): To Maman Walid, bari in ɗan taƙaita, ko da yake taƙaitawar malamin tarihi sai a hankali.

An haife shi 18 ga Disamba 1946 a Gabashin Cape, ya tashi a unguwar baƙar fata ta Ginsberg da ke gefen garin King William's Town. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu, mahaifiyarsa ta rene su da aikatau a gidajen Turawa da girki a asibiti. A 1963 aka kama yayansa Khaya bisa zargin alaƙa da PAC, laifin wani ya shafe shi, aka kore shi daga makarantar Lovedale. Ya ƙarasa sakandare a wata makarantar Katolika da ke Mariannhill, a 1966 ya shiga sashen likitanci na Jami'ar Natal, ɓangaren da aka ware wa waɗanda ba Turawa ba.

A can ya shiga NUSAS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda Turawa masu sassaucin ra'ayi ke jagoranta. Abin da ya sauya masa tunani ya faru a taronsu na 1967 a Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown. Wakilai Turawa suka kwana a ɗakunan jami'a, baƙaƙe aka tura su wani coci a unguwar baƙar fata. Biko ya nemi a dakatar da taron har sai an samu wurin da kowa zai kwana tare. Aka ƙi. Sai ya lura da wani abu: waɗannan abokai suna la'antar wariya da rana, da dare kuma su koma su ci moriyarta. Su ke riƙe da kuɗin ƙungiya, su ke da Turancin da ake muhawara da shi, baƙi kuwa suna zaune a baya suna gyaɗa kai. Daga nan shi da su Barney Pityana suka kafa SASO, ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe zalla, aka ƙaddamar da ita a 1969 a jami'ar baƙaƙe ta Turfloop, shi ne shugabanta na farko. A 1972 suka kafa ƙungiyar siyasa ta BPC domin aƙidar ta fita daga jami'a ta shiga cikin jama'a. A shekarar ne kuma aka sallame shi daga karatun likitanci, don siyasa ta cinye masa lokaci.

Malam Abu Safiyya: Malama, a nan ne nake da damuwa. Ƙungiyar baƙaƙe zalla? Ai wannan ita ce wariyar da ake yaƙa, an dai juya mata baya ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a hajjin bankwana cewa babu fifikon fari a kan baƙi ko baƙi a kan fari sai da taƙawa. Wanda ya gina kira a kan launin fata, ko da shi aka zalunta, ina jin tsoron ya faɗa cikin asabiyya. Mandela da ANC sun fi kusa da daidai, domin tun 1955 suka rubuta cewa ƙasar ta duk mazaunanta ce, fari da baƙi.

Ɗan Gwammaja: Allah ya gafarta Malam, ai Biko bai taɓa cewa baƙi ya fi fari ba. Cewa ya yi baƙi bai kasa fari ba. Akwai tazara tsakanin maganganun biyu.

Malam Abu Safiyya: Tazarar tana bakin malamin da ya faɗa. Idan magana ta sauka hannun mabiya, ba kullum take zama yadda aka furta ta ba.

Malama Bilki (Zazzau): Malam, tsoronka yana da gurbi, kuma ba kai ka fara shi ba. Lokacin da aka kafa SASO har wasu a cikin gwamnatin wariya sun yi murna, suna zaton yaran sun rungumi tsarinsu na kowa ya zauna da danginsa. Ba a jima ba suka gane sun yi kuskuren lissafi. Dalili kuwa, gwamnati ta raba jama'a gida-gida: ga 'yan asalin Afirka, ga Indiyawa, ga masu ruwa biyu, kowane da makarantarsa da unguwarsa da ɗan abin da aka fifita shi da shi a kan na ƙasa da shi. Su kansu 'yan Afirkan aka sake yanka su, Zulu daban, Xhosa daban, Tswana daban, kowa da 'yar ƙasarsa ta jeka-na-yi-ka. Biko ya tattara duk waɗannan ya ce gida ɗaya ne, tunda doka ɗaya ke danne su. Shi ya sa cikin jagororin SASO da aka ɗaure a 1976 akwai Indiyawa irin su Saths Cooper da Strini Moodley. Wanda aka kama tare da Biko a 1977, Peter Jones, daga cikin masu ruwa biyu yake. Kuma baƙin da ya sa kakin ɗan sanda yana dukan 'yan'uwansa, ko ya karɓi sarautar jeka-na-yi-ka irin ta Kaiser Matanzima a Transkei, Biko bai lissafa shi cikin tafiyar ba, komai duhun fatarsa. Har Buthelezi, shugaban yankin Zulu, bai tsira daga sukarsa ba.

Game da Turawa, abin da ya ce musu shi ne, idan da gaske kuke, ku koma cikin danginku ku yi musu wa'azi, can cutar take. Ƙasar da yake hange kuwa, ya sha faɗa, ƙasa ce da ba a tambayar launin kowa, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya.

Malam Abu Safiyya: Wannan bayanin ya rage mini wani abu, bai rage duka ba. Zan saurara.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, sannunku da muhawara. Ni lokacin da ake wannan abin ina aikin gwamnati a Kaduna, don haka ba a littafi na karanta ba. Bayan kisan yaran Soweto a 1976, gwamnati ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka, aka riƙa cire kashi 2 cikin 100 daga albashin ma'aikata. Ba na tuna wani ya yi gunaguni a ofishinmu. Marigayi Murtala ya riga ya ɗaga mana kai da jawabinsa na Addis Ababa a Janairun 1976 kan Angola, jini yana tafasa. A watan Yulin shekarar 'yan wasanmu suka haɗa kayansu suka baro gasar Olamfik ta Montreal ba su yi wasa ba.

Abin da nake so ku sani, a watan Agustan 1977 Legas ta karɓi babban taron duniya na yaƙi da wariya, daga 22 zuwa 26 ga wata. A daidai lokacin da manyan duniya ke jawabi a Legas, Biko yana kwance tsirara a ɗakin 'yan sanda a Port Elizabeth, don an kama shi tun 18 ga watan. Mu ba mu san sunansa ba a lokacin. Sai bayan ya mutu muka ji shi a rediyo. Daga baya a 1979 Obasanjo ya ƙwace kamfanin BP, gidajen mansu suka koma AP. Zamanin Shagari kuma marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, shi ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, bayansa Joe Garba, bayansa Ibrahim Gambari. Ba 'yan kallo muka zama ba.

Lawal Jo'burg: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma wallahi duk sanda na ji wannan lissafin sai raina ya ɓaci. Ni a nan nake kasuwanci. A 2008 an kashe mutum sama da 60 a rikicin ƙin baƙi. A 2015 aka sake, a 2019 har sai da aka kwashe 'yan Najeriya a jirgi. Masu ƙona shagon ɗan Somaliya da ɗan Habasha da ɗan Najeriya ba Turawa ba ne. Wasunsu ma da hoton Biko a rigarsu. To ina farkawar baƙar fatar take? Idan wannan ce gadon da ya bari, ni ban ga riba ba.

Baba Mai Ritaya: Lawal ɗana, ba mu bayar don a biya mu ba. Amma zafin da kake ji gaskiya ne, ba zan ce maka ƙarya ne ba.

Kwamared Isa: Lawal ya taɓo inda nake son zuwa. Talakan unguwar Alexandra ta Jo'burg da ke ƙona shagon ɗan Habasha yunwa ce ke cinsa, ba rashin sanin darajar kansa ba. Dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙaƙe kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, ta 1936 ta kai shi 13. An yi zaɓe a 1994, an sauya tuta da taken ƙasa, amma gona da ma'adinai da banki suna hannun da suke, sai 'yan tsirarun baƙaƙe da aka jawo aka ba su kujera. A 2012 a Marikana 'yan sandan gwamnatin baƙar fata suka harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 a rana ɗaya. Matsalar ta masu shi da marasa shi ce. Biko ya tsaya a kan launi da tunani, ya bar tattalin arziki.

Ɗan Gwammaja: Yaya Isa, a nan kam ka zalunce shi. A wata hira da aka yi da shi daf da mutuwarsa ya faɗa ƙarara cewa idan fuskokin masu mulki kawai aka sauya ba a sake rabon arziki ba, 'yan ƙalilan baƙaƙe ne za su haye, sauran su zauna cikin talauci. Abin da kake kuka da shi yau, shi ya hango shi tun 1977. Kuma wa ya yi sulhun da ya bar dukiya inda take? Ba mutanen Biko ba ne. AZAPO, da aka kafa a 1978 kan aƙidarsa, ƙaurace wa zaɓen 1994 ta yi.

Kwamared Isa: Ta ƙaurace, sannan me ta samu? Kujera nawa take da ita yau? Ka faɗi gaskiya: bayan Soweto, dubban matasan da suka tsallaka iyaka, wa ya karɓe su? ANC ce ke da sansani a Angola da Tanzaniya, ita ke da bindiga da kuɗi da ofisoshi a ƙasashen duniya, har da Legas inda Thabo Mbeki ya zauna. Solomon Mahlangu da aka rataye a 1979 ɗan wannan zubin ne, kuma a rundunar ANC ya ƙare. Ƙungiyar Biko ba ta da inda za ta kai su.

Malama Bilki (Zazzau): Kwamared, ka lura kuwa hujjarka tana yi wa Ɗan Gwammaja aiki? Kafin 1976 sansanonin nan da kake faɗa ba su da sabon jini. Wa ya cika su? Yaran da suka taso cikin SASM, ƙungiyar 'yan sakandare da ta sha daga ƙoramar SASO. Onkgopotse Tiro, wanda aka kora daga Turfloop a 1972 saboda jawabin da ya yi ranar yaye ɗalibai, ya koyar a makarantar Morris Isaacson ta Soweto, inda Tsietsi Mashinini ya yi karatu. An kashe Tiro da bam cikin ƙunshin saƙo a Botswana a 1974, shi kuma Mashinini shi ya jagoranci fitowar 16 ga Yunin 1976. Mosiuoa Lekota ɗan SASO ne aka kai shi tsibirin Robben, a can ya koma ANC. Cyril Ramaphosa kansa ta SASO ya shigo siyasa, an tsare shi wata 11 a 1974. Lokacin da waɗannan matasan suka isa tsibirin suna ƙin cire hula ga gandiroba, su Mandela ma sai da suka yi mamakin taurin kansu.

Inda ba na tare da Ɗan Gwammaja shi ne cewa wai Mandela zai mutu a kurkuku. Tsakanin 1977 da 11 ga Fabrairun 1990, ranar da aka sako Mandela, an yi abubuwa da yawa da ba hannun Biko a ciki: gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da wariya ta UDF a 1983, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta COSATU a 1985, bankunan waje da suka ƙi sabunta wa gwamnati bashi a 1985, yaƙin Cuito Cuanavale a Angola da sojojin Kyuba, rushewar katangar Berlin. Kuma kada mu ɓoye, a tsakiyar shekarun 1980 magoya bayan AZAPO da na UDF sun kashe juna a unguwanni. Tsoron Malam Abu Safiyya game da mabiya bai faɗi ƙasa banza ba, sai dai ɓangarorin biyu duka sun zubar da jini.

Usumanu Damagaram: Salamu alaikum daga Nijar. Ni abin da ya ja ni ga Biko, ya karanta Frantz Fanon da Aimé Césaire da Senghor, waɗanda mu ma muke ji a makarantunmu na nan. Kuma rikicin Soweto a kan harshe ya tashi. Yara suka ƙi a koya musu da harshen mai mulki. Mu da muka daɗe muna fama da Faransanci mun fahimci wannan sarai.

Malama Bilki (Zazzau): Malam Usumanu, da ɗan bambanci. Yaran Soweto ba harshen gida suka nema ba. Gwamnati ce ta ce a koyar da lissafi da wasu darussa da Afirkans, harshen 'yan sanda da jami'an fasfo na cikin gida, alhali malaman kansu da yawa ba su iya shi ba. Yaran Turanci suka fi so, don shi ne ƙofarsu ta fita duniya.

Usumanu Damagaram: Ko da haka ne, Malama, tilas ce suka ƙi. Nan muka haɗu da su.

Dakta Hauwa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Kwamared ya ce Biko mai magana ne kawai, wannan ne ya fito da ni. A 1973 gwamnati ta ɗaure shi da dokar takunkumi: kada ya fita daga gundumar King William's Town, kada ya zauna da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, kada ya yi rubutu don bugawa, kada jarida ta ambato maganarsa. Mutumin da aka rufe wa baki haka me ya yi? Ya kafa asibitin Zanempilo a ƙauyen Zinyoka a 1975, Mamphela Ramphele ce likitar wurin. Ya kafa asusun Zimele don iyalan fursunonin siyasa da waɗanda aka sako ba aikin yi. Akwai sana'ar fata ta mata a Njwaxa, akwai gidan renon yara a Ginsberg. Manufar ita ce ɗan ƙauye ya ga likita baƙa, ma'aikaciyar jinya baƙa, mai riƙe da lissafin kuɗi baƙi, kuma abu yana tafiya. Wannan ya fi wa'azi dubu shiga zuciya.

Sai kuma mutuwarsa, wadda mu likitoci ba ma iya karanta ta ba tare da kunya ba. An kama shi a shingen bincike kusa da Grahamstown yana dawowa daga Cape Town. Ranar 6 ga Satumba aka kai shi ɗaki mai lamba 619 a ginin Sanlam, ofishin 'yan sandan ciki a Port Elizabeth. A nan ya samu raunin ƙwaƙwalwa. Suka ɗaure shi da mari a jikin ƙarfe, yana kwance kan tabarma cikin fitsarinsa, magana ba ta fita daidai. Aka kira likitan gwamnati, Ivor Lang, ya duba shi, ya rubuta takarda cewa bai ga wata cuta ba. Aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa aka ga jini a ciki, alamar da ɗalibin likitanci ma ya san ma'anarta. Duk da haka aka mayar da shi ɗakin 'yan sanda. Ranar 11 ga wata aka same shi kumfa na fita daga bakinsa. Likita na biyu, Benjamin Tucker, ya ce a kai shi asibiti, babban jami'in 'yan sanda ya ƙi, likita ya bi. Suka jefa shi tsirara a bayan Land Rover zuwa Pretoria, tafiyar sama da kilomita 1,000, kamar a ce daga Kano zuwa Legas, ba ma'aikacin lafiya, ba takardar jinya. Washegari ya cika a ƙasa, shi kaɗai.

Maman Walid: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta, an hukunta likitocin kuwa?

Dakta Hauwa: Hukumar likitocin ƙasar da farko cewa ta yi ba su da laifi. Sai da wasu likitoci masu kishin aikin, irin su Frances Ames da Phillip Tobias, suka kai hukumar kotu. A 1985, bayan shekara takwas, aka soke lasisin Tucker, Lang kuwa gargaɗi kawai aka yi masa. Har yau ana koyar da wannan shari'ar a darasin ɗa'ar aikin likita: idan mai kaki yana tsaye a kanka, majinyaci yana kwance a gabanka, na wa za ka ji?

Baba Mai Ritaya: Na tuna ministan 'yan sandansu, Jimmy Kruger, cewa ya yi yajin cin abinci ne ya kashe shi. Har ya tsaya gaban taron jam'iyyarsu ya ce mutuwar ko a jikinsa, ana dariya.

Ɗan Gwammaja: Haka ne Baba. 'Yan jarida ne suka tona ƙaryar, Donald Woods da Helen Zille. Mutum kusan 20,000 suka halarci jana'izarsa ranar 25 ga Satumba duk da shingayen da aka sa a hanya. Ranar 19 ga Oktoba gwamnati ta haramta SASO da BPC da sauran ƙungiyoyin, ta rufe jaridar The World. Ranar 4 ga Nuwamba Kwamitin Sulhu ya sa wa ƙasar takunkumin sayen makamai na dole. Yaya Isa, shekara nawa ƙasashen Afirka suna roƙon wannan takunkumin ana hawa kujerar na-ƙi? Bai wuce ba sai bayan gawar Biko.

Kwamared Isa: Kuma Isra'ila da wasu suka ci gaba da yi musu ta bayan gida, su kuma suka gina masana'antar makamansu. Amma na ba ka wannan, takunkumin ya zo ne a kan jininsa.

Malam Abu Safiyya: Tunda ana maganar waɗanda suka mutu a tsare, kada a manta da Imam Abdullah Haron na masallacin Claremont a Cape Town. An tsare shi kwana 123 a 1969, aka ce wai daga matakala ya faɗo. Sai a 2023 kotu ta sake bincike ta tabbatar azabtarwa ce ta kashe shi. Da Ahmed Timol, malamin makaranta, da aka ce ya yi tsalle daga hawa na goma a 1971, kotu a 2017 ta ce kisa ne. Musulmin can ba su zauna a gefe ba. Allah ya jiƙansu.

Maman Walid: Amin. Ni kuma wani abu na ji an faɗa, wai Biko ya yi maganar man bilicin a kotu. Gaskiya ne?

Malama Bilki (Zazzau): Gaskiya ne. A watan Mayun 1976 ya yi kwanaki yana ba da shaida a shari'ar jagororin SASO tara a Pretoria. Da yake abin da aka faɗa a kotu jarida na iya bugawa, sai ya mayar da akwatin shaida ya zama minbari. A ciki ya kawo misalin matan da ke shafa mai don fatarsu ta yi haske, ya ce alama ce ta mutum ya yarda cewa kamanninsa ba su isa ba.

Maman Walid: To ashe da mu yake. Ku je gidan biki a Kano ku gani.

Lawal Jo'burg: Hajiya kada ki jawo mana faɗa da matan zaure. 😄

Dakta Hauwa: Ba faɗa, Lawal, a asibiti muke ganin ƙarshensa. Amma tunda an zo kan mata, a faɗi ɗaya gefen. Tafiyar tasu ta maza ce, matan da suka yi aiki a cikinta sun faɗi haka da bakinsu. Shi kansa yana da mata, Ntsiki, ma'aikaciyar jinya, kuma yana tare da Ramphele, wadda take ɗauke da cikinsa lokacin da ya mutu, tana can arewacin ƙasar inda gwamnati ta kore ta. Ba waliyyi ba ne. Ntsiki ce kuma, tare da AZAPO da wasu iyalai, ta je kotun tsarin mulki a 1996 tana ƙalubalantar ikon da aka ba hukumar gaskiya da sulhu ta Desmond Tutu na yafe wa masu kisa. Ba su yi nasara ba.

Lawal Jo'burg: To su waɗanda suka kashe shi, an yafe musu ke nan?

Malama Bilki (Zazzau): A'a. Binciken farko na 1977, duk da yadda lauyan iyalin, Sydney Kentridge, ya tsitsiye 'yan sandan, alƙali cewa ya yi ba wanda za a ɗora wa laifi. A 1997 'yan sanda biyar suka nemi afuwa a gaban hukumar gaskiya da sulhu, ciki har da Harold Snyman da Gideon Nieuwoudt. Suka ce kokawa ce ta kaure, kansa ya bugu da bango. Hukumar ta hana su afuwa don ba su faɗi gaskiya duka ba. Bisa ƙa'ida sai a gurfanar da su. A 2003 ma'aikatar shari'a ta ce babu isasshiyar hujja. Gwamnatin ANC ce a kan mulki a lokacin.

Ɗan Gwammaja: Kun ji ko? Mandela ya buɗe mutum-mutuminsa a East London a 1997, an sa wa asibiti da tituna sunansa, amma waɗanda suka fasa masa kai suka ci gaba da kwana a gidajensu. Ni dai ina nan kan bakata.

Kwamared Isa: Ka tsaya kan rabinta, rabin Malama ta riga ta karɓe.

Malam Abu Safiyya: Ni tambayata har yanzu ba a amsa ta duka ba. Idan an cire wa mutum jin ƙasƙanci, da me za a cika gurbin don kada ya juya kan maƙwabcinsa, kamar yadda Lawal yake gani a can?

Lawal Jo'burg: Malam, idan ka samo amsar ka turo mini, in kafa ta a ƙofar shago.

Mai Kula da Zaure: Jama'a dare ya yi, masu aiki gobe suna ƙorafin ƙarar saƙonni. Tambayar Malam tana nan a buɗe ga mai amsa da safe. Mako mai zuwa Robert Sobukwe, Kwamared kai za ka buɗe.

Kwamared Isa: Na karɓa, da sharaɗin Ɗan Gwammaja ya karanta yajin aikin Durban na 1973 kafin ranar.